Yadda za ka zaɓi allon kwamfuta da ba zai cinye maka ido ba

Duk wanda yake wuni a gaban kwamfuta ya san abin da la'asar take zuwa masa da shi. Ido ya ɗauki yaji, rubutu ya soma yin dishi-dishi, goshi ya yi nauyi, wuya ya sage. Mai buga takardu a shago, akawu, ma'aikacin banki, ɗalibar da ke rubuta kundin kammala digiri, mai zanen fosta, duk kukansu ɗaya. Da yawa sukan ɗora laifin a kan "hasken kwamfuta" kawai, su je su sayi tabarau, su dawo su zauna gaban allon nan da ke wahalar da su.

Allunan ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancinsu yana taɓa ido kai tsaye. Sai dai tun farko zan faɗa maka ra'ayina: nau'in allo yana da muhimmanci, amma rawar haske, kaifin rubutu da yadda ka girke allon a ɗakinka sun fi shi nauyi. Allo mai tsada da aka saita ba daidai ba zai fi mai araha da aka saita daidai gajiyar da kai. Don haka za mu bi abin daki-daki, daga shago har zuwa teburinka.

Mataki na farko: ka san aikinka da ɗakinka

Kafin ka tambayi kuɗin komai, amsa wa kanka tambaya biyu. Me ka fi kallo a allon: rubutu da lissafi, ko hoto da bidiyo, ko wasa? Sannan a ina za ka ajiye shi: ofis mai tagogi da hasken rana, ko ɗakin da ka fi aiki a cikinsa da dare? Amsar nan ita za ta raba maka gardama a gaba.

Mataki na biyu: ka gane nau'ukan allo huɗu

Uku daga cikinsu, wato TN da IPS da VA, 'yan gida ɗaya ne, ana ce musu LCD. Dukkansu suna da fitila a baya mai haskowa, sai wani siririn ruwa na musamman a tsakanin gilasai biyu, wanda ƙwayoyinsa suke juyawa su bar haske ya wuce ko su tare shi. Kamar asabari ne a ƙofar ɗaki: a naɗe shi haske ya shigo, a sake shi ya tare rana, amma ko an sake shi sai ɗan haske ya sulalo ta tsakanin karare. Yadda ƙwayoyin nan suke jeruwa da juyawa shi ne ya raba nau'ukan uku. Idan mai shago ya ce maka "wannan LED ne", fitilar bayan yake nufi, bai gaya maka nau'in allon ba tukuna.

TN shi ne babban wa, fasaharsa ta samo asali tun farkon shekarun 1970. Ya fi kowa araha, shi ya sa ya cika tsofaffin allunan ofis da ƙananan kwamfutocin cinya masu sauƙin kuɗi. Matsalarsa ita ce kusurwa. Ka ɗan sunkuya, saman allon ya yi duhu. Ka ɗan miƙe, launi ya koɗe. Ko kana zaune daidai a tsakiya, farin da ke sama da farin da ke ƙasa ba za su zo ɗaya ba, kuma iya girman allon iya munin abin. Sakamakon haka mutum yakan kafe kansa a wuri guda ba tare da ya sani ba, don neman inda hoton ya fi kyau, sai ciwon wuya ya taru da gajiyar ido. Ga mai dogon aiki, ba na ba da shawarar TN, sai in aljihu ne ya tilasta.

IPS kamfanin Hitachi na Japan ne ya fito da shi kasuwa a 1996, musamman don magance matsalar kusurwar nan. Ƙwayoyinsa a kwance suke juyawa, shi ya sa launi yake tsayawa daram ko daga gefe ka kalla. A takardar bayanin allo za ka ga an rubuta 178/178, wato faɗin kusurwar da za ka iya kallonsa, gefe da gefe da kuma sama da ƙasa. Kana iya jingina, ka karkata, abokin aiki ya tsaya a kafaɗarka ku duba takarda tare, hoton bai sauya ba. Rauninsa yana wajen baƙi. Yawancin allunan IPS farinsu ya fi baƙinsu haske kusan sau 1000 ne kawai, abin da ake rubutawa 1000:1. Da rana ba za ka lura ba. Da dare a ɗaki mai duhu baƙin yakan koma toka-toka, kuma kusurwoyin allon su riƙa wani ɗan sheƙi fari-fari da yake sauyawa in ka motsa kai. Wannan ba lalacewa ba ce, halinsa ne, kuma yana raguwa in ka rage haske ka ɗan ja baya. Akwai sabon samfuri da ake kira IPS Black, wanda ya fito a 2022, da yake kaiwa wajen 2000:1, amma da tsada.

VA ya tsaya a tsakiya. Ƙwayoyinsa a tsaye suke idan ba a kunna su ba, don haka suna toshe hasken baya sosai, baƙinsa ya fito baƙi ƙirin, yawanci 3000:1 ko fiye. Ga mai kallon fim ko mai aiki a ɗaki mai ƙarancin haske, wannan hutu ne ga ido, domin ba ka buƙatar ƙure haske kafin ka ga abu sarai. Amma yana da aibi biyu da suka shafi mai karatu. Na ɗaya, ƙwayoyin suna da nawa wajen fita daga baƙi zuwa wani launi, sai ka ga idan kana jan shafi mai baƙin bango da farin rubutu, rubutun yana dusashewa yana jan jela har sai ka tsaya. Wasu ba su damu ba, wasu kuwa har jiri yake sa su. Na biyu, launi yana ɗan koɗewa ta gefe-gefe, ko da yake bai kai na TN ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa manyan allunan VA suke zuwa a lanƙwashe, don gefunan su fuskanci idonka.

OLED dabam yake da sauran. Ba shi da fitilar baya. Kowane ɗigo daga cikin ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su ba da hoto shi yake kunna kansa ya kashe kansa, saboda haka baƙinsa duhu ne na gaske, motsinsa kuma babu jela. A bidiyo da wasa babu na biyunsa. A aikin ofis kuwa ina da ja. Yadda aka jera ƙananan launuka a cikin kowane ɗigo ya saɓa da abin da Windows ya saba da shi, sai gefen haruffa ya riƙa nuna ɗan kore ko ɗan ja, musamman a samfuran farko. Idan ka buɗe farin shafi ya cika allo, da yawansu sukan rage haske da kansu, ka rage girman shafin haske ya dawo, ido ya yi ta faman daidaitawa. Ga kuma haɗarin tabo: abin da ya daɗe a wuri guda, kamar layin ƙasa na Windows ko layukan Excel, yana iya barin inuwarsa a allon har abada. Ka haɗa da tsada, sai ka ga mai buga takardu ba shi da dalilin zuwa nan.

Idan rubutu da lissafi ne aikinka, kuma da rana kake yi, ɗauki IPS. Idan dare ne lokacinka kuma kana haɗawa da kallo, duba VA, amma sai ka gwada jan shafi da idonka.

Mataki na uku: rawar haske, abin da ba a gani amma ake ji

Nan ne ya kamata ka fi tsayawa, domin mutane da yawa da suke cewa "allon nan yana sa ni ciwon kai" wannan ce matsalarsu, kuma ba ruwanta da IPS ko VA ko TN. Daga fitilar baya take.

Hanya biyu ake rage hasken fitilar. Ko dai a rage wutar da ke shigarta kai tsaye, ko kuma a riƙa kunna ta ana kashewa da tsananin sauri, ta yadda ido zai ga kamar haske ne ya ragu. Wannan ta biyun ita ake kira PWM. A allunan LED na farko-farko, kunnawa da kashewar tana faruwa kusan sau 200 zuwa 400 a daƙiƙa guda. Ba za ka gan ta ƙuru-ƙuru ba, kuma ba kowa take damu ba, amma wanda jikinsa ba ya ɗauka zai gama wuni da nauyin kai da zafin ido. Abin takaicin shi ne, iya rage hasken da ka yi don ka huta, iya tsawon lokacin da fitilar take a kashe, iya tsanantar rawar.

Daga wajajen 2013 kamfanoni irin su BenQ suka soma fito da allunan da ba sa wannan rawa, sauran suka biyo baya. A kwali ko takardar bayani za ka ga an rubuta Flicker-Free, sau da yawa tare da tambarin TÜV Rheinland, wata cibiyar gwajin kaya ta Jamus. Ga mai sayen sabo, neman wannan rubutun ya wadatar. Mai sayen na hannu, irin allunan Dell da HP da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama suka cika Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja, shi ne sai ya yi da gaske. Juya bayan allon ka karanta takardar da ke manne: akwai lambar samfuri da watan da aka ƙera shi. Allon LED da aka yi kafin 2014 abin zargi ne har sai ya wanke kansa.

Ga yadda zai wanke kansa. Ka buɗe farin shafi, ka rage haske zuwa kamar 20 cikin 100, ka riƙe biro ta gindinsa ka kaɗa shi da sauri a gaban allon. Idan ka ga inuwa guda a shafe sumul, babu rawa. Idan ka ga biro ya rarrabu gida-gida, kamar guda shida ko bakwai a jere, allon yana rawa. Ka kuma ɗauke shi da kyamarar waya a tsarin bidiyo mai tafiyar hawainiya. Baƙaƙen layuka masu gangarowa alama ce. Ka yi gwajin nesa da doguwar fitilar silin, don ita ma tana rawa tana iya ruɗa ka.

Wanda ya riga ya mallaki irin wannan allo yana da 'yar dabara: yawancinsu ba sa rawa idan haske yana kan 100. Sai ka bar shi a can, ka rage hasken ta manhajar katin hoto ta Intel ko Nvidia ko AMD. Baƙi zai ɗan koɗe, amma kanka zai sarara.

Mataki na huɗu: girma da kaifin rubutu

Babban allo ba shi ne mai kyau ba. Abin dubawa shi ne ɗigo nawa ne a kowane inci. Allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye a inci 24 yana da ɗigo kusan 92 a inci, ya isa aiki. Irin wannan lissafin a inci 27 ya sauka zuwa 82, haruffa su soma nuna haƙora. Inci 27 yana son 2560 da 1440, wato ɗigo 109. Mai 4K, wato 3840 da 2160, a inci 27 ya kai 163, rubutu ya fito tamkar bugun littafi, amma dole ka ƙara girman komai a Windows zuwa kashi 150, in ba haka ba haruffan za su yi ƙanƙanta har su fi cutarwa.

Mai karanta Hausa ya fi kowa sanin amfanin wannan. Ɗan lanƙwasar da ya raba ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b, ɗigo biyu ko uku ne kacal a ƙaramin rubutu. A allo maras kaifi sai ka matso ka ƙura ido kafin ka tabbatar. Haka mai aiki da Larabci ko ajami yake fama da wasulla da ɗigogin haruffa. Wannan matsowa da ƙura ido sau ɗaruruwa a rana ita ce gajiyar.

Game da saurin sabunta hoto, 60Hz, wato sau 60 a daƙiƙa guda, ya isa rubutu. Idan ka sami 75 ko 100 ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba, ɗauka, jan shafi ya fi santsi.

Mataki na biyar: fuskar allon

Akwai mai sheƙi kamar madubi, akwai maras sheƙi. Mai sheƙi ya fi ɗaukar ido a shago, amma a ɗaki mai taga zai riƙa nuna maka fuskarka da farar rigarka da ƙwan fitila, idonka ya rasa wanda zai tsaya a kai tsakanin rubutu da inuwa. Da irin ranar da muke da ita, maras sheƙi za ka nema. Ka duba ƙafarsa kuma: wadda take hawa da sauka ta fi wadda take karkata kawai.

Mataki na shida: a cikin shago

Kada ka biya kuɗin allon da ba a kunna maka ba. Ka ce da mai shago, "Alhaji, don Allah a jona min shi in gani," mai kaya na gari ba zai ƙi ba. Ka tafi da kwamfutarka ko filashi mai ɗauke da takardar da ka saba aiki da ita, da hoto fari fat da baƙi ƙirin.

Fara da tantance nau'insa. Rubuta lambar samfurin a waya ka duba shafin kamfanin. Misali Dell P2419H IPS ne, Dell E1916H kuwa TN ne. In babu intanet, durƙusa ka kalli allon daga ƙasa: idan hoton ya yi duhu ko launuka suka juye, TN ne. Idan bai sauya ba, IPS ne. Idan ya ɗan koɗe amma baƙinsa mai zurfi ne in ka kalle shi gaba da gaba, VA ne.

Sa farin hoton ka nemi tabo, rawaya-rawaya a gefe, ko ɗigon da ya mutu. Tsohon allo mai doguwar fitila irin ta da, wanda za ka gane shi da kauri da zafin baya, farinsa yakan rine ya koma ruwan ƙwai, kuma yana shan wuta fiye da na LED nesa ba kusa ba. Mai amfani da inbata ya kiyaye. Sa baƙin hoton ka ga ko haske yana tsiyayowa ta gefuna. Yi gwajin biro. Sannan ka buɗe takardarka ka karanta na minti biyar cur, kana jan shafi sama da ƙasa. Kada kunya ta hana ka. Shekaru za ka yi kana kallon abin nan.

Daga ƙarshe leƙa ramukan baya. Ka tabbata akwai HDMI ko DisplayPort ko DVI. Wayar VGA mai shuɗin kai takan sa rubutu ya yi inuwa-inuwa, musamman in doguwa ce ko maras inganci, kuma shagunan buga takardu da yawa har yau da ita suke aiki ba su san ita ce take ɓata musu kaifin allo ba. In dole ce, danna maɓallin Auto na jikin allon ya daidaita kansa.

Mataki na bakwai: girka shi a gida

Allo yakan fito daga kamfani da haske a ƙure, don ya burge a shago. Aikinka na farko shi ne saukar da shi. Ɗauki farar takarda ka riƙe kusa da farin shafi a allon. Idan allon ya fi takardar haske sosai har yana kama da fitila, rage inda aka rubuta Brightness har su kusa yin daidai. A ɗaki na yau da kullum yawanci za ka tsaya ƙasa da rabi. Da dare ka ƙara ragewa. Rage hasken yana kuma tsawaita maka batirin inbata.

A Windows ka tabbata an sa allon a kan ainihin adadin ɗigoginsa, wanda aka rubuta Recommended a gabansa. Idan rubutu ya yi maka ƙanƙanta, kada ka rage wannan adadi. Ƙara girman rubutu zuwa kashi 125. Sannan rubuta ClearType a wurin nema ka bi gwajin, minti biyu ne, yana gyara gefen haruffa.

Nisa tsakaninka da allo ya kai tsawon hannunka a miƙe, wato santimita 50 zuwa 70, ko fiye ga babban allo. Saman allon ya yi daidai da idonka ko ya ɗan yi ƙasa, domin kallon ƙasa kaɗan yana sa fatar ido ta rufe wani sashe, hawaye ba ya saurin bushewa. Taga ta kasance a gefenka. In tana bayanka za ta haska allon, in tana gabanka za ta kashe maka ido.

Akwai wata al'ada da nake roƙon a bari: an ɗauke wuta da dare, sai a kashe duk fitilu don tattalin batir, a bar allo shi kaɗai yana haskawa cikin duhu. Ido yana shan wahala tsakanin farin allon da baƙin ɗakin. Ƙaramar fitila mai caji da aka ajiye a bayan allon tana haska bango ta isa ta warware wannan, kuma ita take ɓoye toka-tokar baƙin IPS. Baƙin bango da farin rubutu yana da daɗi a irin wannan lokaci, amma da rana baƙin rubutu a kan fari ya fi saurin karantuwa, kuma masu wata matsalar ido sukan ga farin rubutu yana feshi a kan baƙi. Gwada duka biyun ka bi wanda idonka ya yarda da shi.

A lokacin hunturu ƙura takan kwanta a allo ta dusashe rubutu. Kashe shi, ka kaɗe ƙurar tukuna, sannan ka goge da tattausan ƙyalle mai ɗan danshi. Kada ka fesa ruwa a jikinsa, kada ka dirje ƙura a bushe, tana karce fuskar.

Mataki na takwas: idon kansa

Maganar shuɗin haske an yi mata kururuwa fiye da kima. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ba ta ba da shawarar sayen tabarau na musamman dominsa, kuma wani nazari na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken kiwon lafiya, a 2023 da ya tattara gwaje-gwaje 17 bai ga alamar irin waɗannan gilasai suna rage gajiyar ido ba. Kunna Night light na Windows da dare ba laifi, allon zai yi ɗumi-ɗumi ya fi daɗin kallo, amma kada ka ƙara kuɗi mai yawa saboda wannan tambari.

Abin da yake faruwa da gaske shi ne ƙifta ido. Mutum yakan ƙifta kusan sau 15 a minti, amma a gaban allo sai ya sauka zuwa 5 ko 7, ido ya bushe ya ɗauki yaji. Ka haɗa da busasshiyar iskar hunturu da fanka mai bugun fuska, abin ya ninka. Kawar da fankar daga saitin idonka. Duk bayan minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ka ƙifta da gangan. Tashi zuwa alwala da salla ma hutu ne mai kyau, muddin ba waya ka zaro a hanya ba.

Idan ka gyara duk wannan amma bayan mako biyu ko uku ciwon kai da dishi-dishi ba su tafi ba, to ba allon ba ne. Wanda ya haura shekara 40 ganin kusa yakan soma raguwa, kuma gilashin karatu da ake saya a bakin titi an yi shi ne don nisan littafi, ba nisan allo ba. Je asibitin ido, ko Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko wanda ya fi kusa da kai, a auna ka. Kafin ka tafi, auna nisan da ke tsakanin idonka da allonka da tef ɗin tela, ka gaya wa likita adadin da awa nawa kake yi a gabansa kullum, don a yanka maka gilashin da ya dace da wannan nisan.